Gonar Kalmalo da kafin alƙalamin Bafulatani

Shekarun baya, kafin in yi hankali, mahaifiyata ta sayar wa wani Bafulatani makiyayi gonar da ta gada a hanyar Kalmalo. Ya ba da kafin alƙalami, aka rubuta yarjejeniya a fallen takardar makaranta gaban mai unguwa da shaidu biyu, cewa zai cika sauran bayan kaka. Ya dangwala yatsa, ya kora shanunsa Nijar.

Sai aka rufe iyaka. Kaka ta zo ta wuce, babu shi babu labarinsa. Ana nan wani ɗan canji ya zo ya taya gonar ninki biyu. Ni kuwa har na fara ganin kaina a kan sabon babur.

Na ɗauki takardar na kai wa abokina lauya a Sakkwato, ina fatan ya ce shirme ce. Ya karanta ya ce, "Kada ka raina ta. Akwai shaidu, akwai kuɗi, akwai sa hannu, kotu za ta saurare ta. Amma tunda ya saɓa wa'adi, kuna iya aika masa sanarwa, in bai cika ba ku mayar masa da kuɗinsa."

Na dawo Illela da murna kamar na tsinci dami a kala. Na zayyana wa mahaifiyata komai, har da Turancin da ba ta tambaye ni ba.

Ta ce, "To, mi yay yi muna? Shi yar rufe iyaka?"

Na ce doka ta ba mu dama.

Ta ce, "Ɗan boko, ni ban iya karatun takarda ba. Na dai san na ce mishi na sallama."

Na yi fushi, na kwana biyu ina kumbure-kumbure, ba wanda ya kula ni.

Sai da damina ta kusa Bafulatanin ya bayyana, ya rame, ya sayar da bijimai biyu ya haɗo cikon kuɗin. Tun daga zaure yake ba da haƙuri, don a zatonsa gona ta tafi. Mahaifiyata ta ce a ba shi ruwa tukuna, sannan a kira mai unguwa a damƙa masa gonarsa.

Har yau in na tuna, kunya nake ji, kuma ina alfahari da ita. Ni na tafi har Sakkwato neman ƙofar fita, ita ko leƙa ƙofar ba ta yi ba. Ranar da ta rasu, mutumin nan da 'ya'yansa suka taho a ƙafa daga gonar, shi ya riga ni kama makara.