Shekarar da Baba Ya Tsare Bijimi

Abubuwa da yawa sun shige mini duhu da tafiyar shekaru, amma shekarar da mahaifinmu ya raba bijimi da shanunsa ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Bayan ya yi ritaya, Baba ya buɗe gonar kiwon shanun nama a bayan Yola, mu kuwa muna zaune a unguwar Rumde. Bijimin kullum yana cikin garke, don haka shanun kan haihu duk lokacin da ta kama. A wata bazara da yawansu suka haihu a tsakiyar zafi, ƙasa ta bushe, babu ko tsinken ciyawa. Nono ya ƙafe. Da idona na ga maraƙi yana tunkuɗar hantsar uwarsa har ya gaji ya kwanta, bai sake tashi ba. Baba ya daɗe tsaye a kansa. Washegari ya sa aka yi wa bijimin shinge shi kaɗai.

Ba a jima ba ciwo ya kwantar da Baba. Wata la'asar ya kira ni da yayana, wanda nake ce wa Hamma, ya ce a tsayar da lokacin da za a mayar da bijimin garke, tun da cikin saniya wata tara ne.

Hamma ya ce, "Baba, a bari su haihu da kaka. Ga harawa, ga kara, kaska ta ragu, kogin Binuwai kuma ya janye daga fadama."

Baba ya girgiza kai. "Maraƙin kaka daɗinsa gajere ne, rani zai same shi yana ƙarami. Su haihu farkon damina, uwa ta ci ɗanyar ciyawa ta shayar. Ku sake shi a Agusta."

Hamma ya ce, "In ruwa ya yi jinkiri fa?"

"Sai ku ciyar da su. Ku tara harawa tun da kaka."

Na lura sai "ku" yake cewa, ba "mu" ba. Na ce, "Baba, ai tare za mu yi." Ya dube ni da murmushi, ya ce, "'Yata, ni dai nawa zaɓen lokaci ne." A lokacin na ɗauka gajiyar ciwo ce. Yanzu na san ya riga mu fahimtar halin da yake ciki.

Aka saki bijimin a Agusta. Kafin a gama girbi Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Abin da Hamma ya ji tsoro kuwa shi ya faru. Shanu suka fara haihuwa, sama fes babu hadari. Harawar da muka tara ta kusa ƙarewa, maraƙi ɗaya ya mutu. Na yi ta jiran Hamma ya ce ai ya faɗa, amma ko sau ɗaya bai faɗa ba. Yana tashi daga ofis sai ya cika motarsa da dusa a kasuwar Jimeta, ya nufi gona da kayan aikinsa a jiki.

Ranar da ruwa ya sauka muna gonar tare. Ba mu gudu rumfa ba. Hamma ya tsaya yana kallon shanun, ruwa na dukansa, ya ce a hankali, "Da Baba yana nan." Kukan da ban ga ya yi ranar jana'iza ba, ran nan ya yi shi.

Ciyawa ta fito, nono ya kawo, sauran maruƙan suka rayu suka yi ƙiba. Har yau a farkon damina shanunmu ke haihuwa.

Abin da na koya shi ne, babu lokacin da ba shi da haɗarinsa. Zaɓi mai kyau ba ya tsayawa da ƙafarsa sai ya sami masu riƙe shi ranar da ya yi nauyi, kuma wani lokaci wanda zai fi riƙe shi da gaske shi ne wanda bai yarda da shi ba tun farko.