Rezar Malam Sebastian

Shekara ashirin da shida Malam Sebastian, mutumin Wusasa, ya yi yana ajiyar fayil a wani ofishin gwamnatin tarayya mai kula da muhalli a Nasarawa GRA. Gidan Bature ne a da, ɗakin aikin Sebastian kuwa shi ne tsohon kicin. Yawancin shekarun nan aikinsa buga hatimin "Sirri" ne. Har takardar sayen tsintsiya ya taɓa buga wa.

Da dokar 'yancin samun bayanai ta fito, sai ya karance ta tas, abin da abokan aikinsa suka ɗauka alamar rashin lafiya ce.

Wata Litinin Malama Milka, shugabar wata firamare a Giginyu, ta kawo takarda tana neman sakamakon gwajin ruwan rijiyar makarantarsu, don yara na ta gudawa. Daraktan ofishin ya ce ba za a bayar ba. A fayil ɗin akwai wasiƙar wanda ya tona cewa wani otal da ke kusa da makarantar na sakin ƙazanta a kwata, doka kuma ta hana a bayyana shi. Sebastian ya san mutumin. Bala ne, mai ban ruwan furannin otal ɗin, mai 'ya'ya bakwai a Ringim. Ranar da sunansa ya fita, ranar zai bar aiki.

"Ranka ya daɗe," in ji Sebastian, "Bala doka ta ce a ɓoye, ba sakamakon ruwan ba."

Darakta ya ce to, amma in wani abu ya ɓalle, shi bai san zancen ba.

Wasu ofisoshin baƙin alƙalami suke goga wa suna. Sebastian ya san in aka ɗaga irin wannan takarda a rana, haruffa sukan leƙo. Sai ya yi kwafi, ya ɗauko reza. Ya yanke sunan, ya yanke dangwalen yatsa. Sannan ya sake karantawa da idon mai neman Bala. Ya yanke inda aka ce "ina cikin ban ruwa". Ya yanke "ƙarfe shida na safe", don babu mai isa otal a lokacin sai mutum ɗaya. Kowace kafa ya liƙe ta da farar takarda, ya rubuta sashen dokar da ya ba shi izini, ya sake yin kwafi. Guntayen ya ƙone su a gidansa na Tudun Wada. Kwana huɗu ya yi a kan shafi uku.

Milka ta ce ba ta taɓa ganin takarda mai faci haka ba, amma sakamakon gwajin ko ɗigo bai ɓata ba. A makon aka rufe rijiyar.

Sai ga manajan otal, Alhaji Badaruddeen, da tasa takardar neman fayil ɗin. Doka ɗaya ce ga kowa. Sebastian ya ba shi kujera, ya ba shi kwafi irin na Milka sak. Alhaji ya fita baranda, ya ɗaga wa ranar azahar shafi na farko, ya juya shi, ya cire tabarau, ya mayar. Ma'aikata suka yi cirko-cirko a tagogi, har da Darakta.

"Malam, ko harafi ɗaya ba ka bari ba?"

"Na bar lambar sashe, Alhaji. Ana iya ɗaukaka ƙara."

Har yau Bala na ban ruwa. Kullum da safe Sebastian yakan wuce ta ƙofar otal ɗin, kuma shi da ke gaida kowa har ya tambayi lafiyar awaki, in ya zo kan Bala hannu kawai yake ɗagawa, ya yi gaba.