Gyaran da ya hana Baba shan kunu

Jama'a, yau na yi gwanintar da ba a sa ni ba, har yanzu dariya nake!

Da safe na tarar da Baba a ƙofar ɗakinsa yana ta girgiza 'yar wuƙarsa ta aljihu, mai naɗewar nan, fuska a murtuke. Tun zamanin Jihar Arewa maso Gabas ya saye ta, lokacin da jiragen ruwa ke sauke kaya a Jimeta. Ƙusarta ta daɗe da saki, ruwan wuƙar sai kaɗawa yake, ƙwas-ƙwas. Jiya na faki idonsa na kai wa maƙeri, ya bubbuga ƙusar da guduma har ta kama gam. Na maido ta ina jiran a sa mini albarka.

Na ce, "Baba, ka ga ta koma sabuwa?"

Ya harare ni. "Au, kai ne? To yanzu da me zan kira ta?"

Ashe tun aurensu Baba bai taɓa kiran sunan Dada, mahaifiyarmu, ba. Kunyar Fulani! Wuƙar yake kaɗawa, ita kuma ta fito da kunu. Mu muka girma a gidan muna zaton hannunsa ne ba ya zama wuri ɗaya.

Sai ga Dada ta leƙo daga kicin: "Ni na ce ko fushi ake da ni, tun asuba shiru."

Yanzu haka ina cikin keke, zan je in roƙi maƙeri ya ɓata aikinsa.

Ku fa, mene ne ya lalace a gidanku amma da shi ake zaman lafiya?