Ranar da Ƙullin Fankena Ya Fashe

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar Gaya ta kan iyaka, kuran kuma, wato wutar lantarki, ya zama baƙo, ya leƙo da safe ya wuce. Ɗiyata tana jaririya. Ƙurajen zafi suka feso mata a wuya da baya, ba ta barci, ni ma ba na yi. Bantilate, fankar nan mai ba da iska, yana tsaye a kusurwar ɗaki, amfaninsa kawai in rataya masa ɗankwali.

Maigidana makanikin manyan motoci ne, ga motocin duk sun yi layi ba tafiya, hannunsa na ta ƙaiƙayi. Wata rana ya dawo yana haki. Wai ya gani a waya, a ƙasashen waje ana gina ƙananan tashoshin gwaji, a matse iskar nan ta cikin lemon kwalba, a gasa ta har ta rasa ita ruwa ce ko iska, sai ta juya inji, kuran ya fito.

Na ce, "Maigida, ina za ka samo lemon da zai isa?"

Ya ce, "Ke, me ke kumbura ƙullin fankenki? Ai iskar ce. Tasha gare ki a roba ba ki sani ba. Yau yarinyar nan za ta sha iska."

Da na ji haka sai na miƙa masa ƙullin. Ya ɗura shi a bidon, jarkarmu ta ruwa, ya ƙara yis, ya soka tiyo a murfi ya toshe bakinsa, ya ɗaure da robar taya. Gaban tiyon ya kafa farfelar bantilate da dinamon keke. Ya ajiye komai a tsakiyar rana, ya ce kada a taɓa sai iskar ta nuna.

Ni dai idona na kan bidon. Da safe yana da kusurwa huɗu, kafin azahar ya zama tulu. Inna, uwar mijina, da ta zo mana daga Bengu, ta ja tabarmarta baya.

Ta ce, "Kai, abin nan naka nishi yake. Naƙuda ce?"

Bai kai ga amsawa ba sai ji muka yi dam! Farfela ta tsallake katanga. Na rungume ɗiyata ina salati.

A kwanakin nan ƙara irin wannan kusa da iyaka ba wasa ba ce. Sai ga sojoji biyu a zaure da bindigogi. Suka tarar da maigida fari fat har gemu, tiyo a hannu.

Babbansu ya ce, "Malam, me ya fashe?"

"Gwaji ne, shef. Kuran nake haɗawa."

Sojan ya lakato ƙullin daga kafaɗar maigida ya ɗanɗana. "Sukari ya yi kaɗan."

Ɗiyata na ta tsala ihu. Sojan ya dubi wuyanta, ya dubi maficin da ke hannun Inna, ya ɗauka ya danƙa wa maigida.

"Ga kuran ɗinka. Fifita har ta yi barci. Zan biyo in duba."

Maigida ya durƙusa yana fifita, ƙulli na bushewa a jikinsa. A hankali kukan ya lafa, idonta ya lumshe. Da hannunsa ya fara sanyi sai Inna ta zungure shi da ƙafa.

"Ƙara masa gudu, ɗan nan. Ni ma iskar ba ta iso ni ba."