Accar da Na Kasa Rantsewa a Kanta

Shekarun baya, ciwon gwiwa ya hana ni zaman bakin tashar mota a Kafanchan, inda nake sayar da acca. Sana'ar mahaifiyata ce. Ita ta koya mini surfe da wanki da rege, wato juya acca cikin ƙwarya da ruwa har yashi ya kwanta a ƙasa. A shekarar na riga na sayi buhuna tun kaka na jibge a ɗaki, ga shi babu ƙafar fita. Maigidana ya ce da zarar ruwan farko ya sauka zai kira dillali ya kwashe, don acca ba ta shiri da danshi. Gaskiyarsa ce. Amma na san in dillali ya kwashe, ni da sana'ar nan mun rabu ke nan.

Maƙwabciyata ce ta ce in gwada waya. Inyamura ce, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a nan aka haife ta. Atamfa take sayarwa, kuma rabin cinikinta a waya ne. Hausarta kowa "kai" ne, mace ko namiji. Ta buɗe mini shafi, ta ce in riƙa ɗaukar hoto da safe a tsakar gida inda akwai haske, in sa farashi, in faɗi garin da nake da yadda kaya za su isa wajen mutum. "Kar ka sa mutane su yi ta tambaya nawa ne, nawa ne," in ji ta. "Mai tambaya yana gajiya."

Duk na yi. Wajen rubutun ne na maƙale. Na duba shafukan wasu masu acca, kowa ya rubuta babu yashi ko ƙwaya ɗaya. Ni kuwa hannuna ya ƙi. Ƙwayar acca da ƙwayar yashi kusan girmansu ɗaya, ta yaya zan san na mudu guda kaf? In na rubuta haka wani ya tauna ya ji ƙaras, me zan ce wa Ubangiji? Makarantata ba ta wuce firamare ba, sai na zauna na haɗa abin da zuciyata ta yarda da shi: "Acca ce. Na wanke iya ƙoƙarina, amma ni mutum ce, wataƙila a samu yashi. Wanda ya samu ya yi haƙuri."

Haka na riƙa sawa kullum. Matan zumuntarmu na coci suna danna alamar so, wasu su rubuta "Allah ya sa albarka, Mama". Ko mudu ɗaya ba a saya ba. Hadari kuwa ya fara haɗuwa ta wajen duwatsun Kagoro, maigidana yana leƙa sama yana leƙa ɗakin buhuna.

Ran da maƙwabciyata ta karanta rubutun, dariya ta yi har ta zauna a kan turmi.

"Maman biyu, wannan talla ne ko furta zunubi? Ko Fasto bai tambaye ka wannan ba!"

Na ce ni dai ba zan rubuta abin da ba zan iya rantsewa a kai ba.

"Wa ya ce ka rantse? Su wa kake so su saya? Matan zumunta kowa yana da acca a gida. Masu saya suna Kaduna, suna Abuja, suna marmarin gwate, ba su da lokacin rege. Abu ɗaya suke tsoro, shi ne kai kuma kake daɗa musu. Kawo ƙwarya."

Ta ce in yi aikina yadda na saba, ita za ta riƙe waya ta ɗauki bidiyo. Na ce zanena ya tsufa, hannuna duk kaushi, ga zakara yana yawo. Ta ce zakaran ma ya fito. Da na rege ƙwaryar farko, yashi ya kwanta baƙi a ƙasa, sai na yi sauri zan zubar kada waya ta gani. Ta riƙe mini hannu.

"Nuna musu! Sun san akwai yashi. Suna so su ga inda ya tafi."

Na nuna. Na sake regewa, na sake, har gindin ƙwarya ya fito fes. A nan na manta da waya gaba ɗaya. Na ɗebi ɗanyar acca na zuba a baki, na tauna a hankali da haƙoran gaba ina saurare, yadda mahaifiyata take yi kafin ta shanya. Takan ce ido yana yin kara, haƙori ba ya yi. Ashe na faɗi maganar a fili.

Maƙwabciyata ta sa bidiyon a shafina da farashi, babu wani alkawari. Ta ce duk wanda ya yi magana in amsa masa da wuri, ko gaisuwa ce. Na wuni ina duba waya ina jiran wanda zai zage ni kan kaushin hannu. Babu wanda ya kula da hannun. Tambayoyi ne suka fara shigowa, daga mutanen da ban taɓa sani ba.

Cikinsu akwai wata mata daga Mararaban Rido a Kaduna. Ta rubuta a fili, inda kowa ke gani, cewa likita ya ce mahaifinta ya riƙa cin acca, amma tun da yashi ya fasa masa haƙori ya ƙi ko kallonta, yana ta ramewa. "Mama, kin tabbata taki babu?"

Tambayar da nake gudu ce ta same ni a gaban jama'a. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na ce mata: "'Yata, abin da kika gani shi nake yi wa kowane mudu, kuma sai na tauna kafin in ɗaure. In Baba ya ji yashi, ki dawo nan ki faɗa kowa ya gani."

Ta ce a aiko. Maigidana ya kai wa direba a tasha. Kwanakin da suka biyo baya ko gwate na gani sai in shiga tunanin haƙorin tsohon da ban taɓa gani ba. Ruwan farko ya sauka a cikinsu. Maigidana ya ce gobe zai kira dillali, na ce ya ba ni zuwa Lahadi.

Kafin Lahadi ta dawo. Ɗan bidiyo ta sa a ƙarƙashin nawa: tsoho a kan kujera da kwanon gwate, ya kai cokali na farko yana taunawa kamar mai taka ƙaya. Ya tsaya. Ya kai na biyu. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Akwai saura?" A ƙasa ta rubuta: "Babu yashi. Ni na faɗa, ba ita ba."

Buhunan nan a mudu-mudu suka fita, dillali bai taka gidanmu ba.

Yanzu mata sukan zo su ce in koya musu talla a waya, ni da ban iya rubuta dogon Turanci ba. Abin da na sani kaɗan ne. Na ɗauka gaskiya ita ce in juye wa mai saya duk fargabar da ke cikina, ashe fargabata ba ta amfane shi da komai ba. Aikina yake so ya gani, ya yanke hukunci da idonsa. Har yau ban taɓa rubuta "babu yashi" da hannuna ba, masu saya ne ke rubutawa. Kuma har yau duk ƙullin da ya tafi tasha sai gabana ya ɗan faɗi. Maigidana yakan ce a duk Kafanchan ni kaɗai ce 'yar kasuwar da ke cinye jarinta ɗanye. Nakan ce masa ya bar ni, gara haƙorina ya fara ji kafin na uban wani.