Ranar da Jiratawa suka kwashe ruwan filinsu

Ban taɓa mantawa da ranar da aka tura ni busa wasa a Jiratawa ba, wata Lahadi a farkon damina. Tunda kun nemi in ba ku labari ɗaya daga shekarun da na yi da usur a baki, ku ƙannena da kuka shigo aikin yanzu, wannan zan ba ku.

Lokacin ina alƙalin wasa mai matsayin lig, wato wanda ke busa wasannin cikin jiha, bai kai ga na ƙasa ba tukuna. Ranakun aiki ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa ko a fili Mushe ake ce mini, yadda ake kiran malaman lakwal. Wasan ranar shi ne na ƙarshe a gasar jiha. Wanda ya zo na ɗaya shi zai tafi neman gurbi a rukuni na biyu na ƙasa. Ƙungiyar unguwar Zariya ta Maraɗi ce ke gaba, kunnen doki ma ya ishe ta. Matasan Fadama na Jiratawa kuwa dole sai sun ci. Zariya na da wani babban ɗan kasuwa a bayanta, da mota da takalma sababbi. Matasan Fadama 'ya'yan masu lambu ne, kuma tunda aka kafa ƙungiyar ba ta taɓa kusantar wannan matsayi ba.

Mun taso daga Maraɗi da hantsi a motar komiser ɗin wasa, Alhaji Laminu. Komiser shi ne idon lig a wurin: shi ke duba lasisin 'yan wasa da tsaro, amma maganar ko fili zai bugu, wannan ta alƙali ce. Muka biya Tsibiri muka ɗauki Sabi'u, mataimakina mai riƙe tuta. Tun da asuba aka yi ruwa mai ƙarfi, don haka da muka isa, abin da muka tarar ya fi kama da tabki. Gefen gabas na filin ya nutse, ragar wannan ɓangare tana tsaye cikin ruwa har ƙauri.

Na yi abin da doka ta ce. Na jefa ƙwallo sama, ta faɗo ta zauna. Na gara ta, ta yi iyo. Layi ko ɗaya ba a gani. Alhaji Laminu ya ce, "Mushe, babu abin jira. A mayar da shi Maraɗi ranar Laraba, tunda dole a aika sunan zakara Yamai cikin makon nan."

Nan wani dattijo ya matso, wando naɗe har gwiwa. Ilu Mai Zogale ake ce masa, shi ne shugaban magoya baya. Ya gaishe mu da ladabi, ya ce, "Mushe, in ka kai wasan ga Maraɗi ran Laraba, wa zai tahi? Kowa na gona. Ga tsohi can da mata, tun sahe suke zaune. Ba su taɓa ganin irin wannan rana ba a garinsu. Ka ba mu zuwa la'asar."

Na ce, "Baba Ilu, ruwan nan ba na bokiti ba ne."

Ya ce, "Mu da ruwa muke aiki kullum. Shigo da shi muka saba, yau mu hidda shi."

Filin ba shi da fitila, don haka na gaya masa in an sallame la'asar ban ga layi ba, kuma ƙwallo ba ta tashi ba, zan ɗage wasan. Komiser ya ɗaga kafaɗa ya koma mota.

Abin da na gani bayan nan ban sake ganin irinsa ba. Kafin azahar amalanken shanu suka fara isowa daga lambuna, kowane ɗauke da injin ban-ruwa. Aka jera injinan a bakin filin, aka jona tiyo da tiyo har zuwa wani kwari bayan makaranta. Masu hauya suka sare 'yar hanya ta gefen layi. Mata suka shigo da ƙorai da robobi suna kwasar abin da inji ya bari. Wasu suka tafi bakin gulbi suka ɗebo yashi aka cike ramukan gaban raga. Babu wanda ya ba da umarni da ƙarfi. Ilu dai na zagayawa yana nuna nan, yana nuna can. Farar ƙasar zana layi ta jiƙe, sai aka bi gidaje aka tattaro toka. Har 'yan wasan Zariya, da suka iso suka tsaya kallo, biyu daga cikinsu suka cire takalma suka kama jan tiyo.

Da aka sallame la'asar na fito da ƙwallo. Na jefa ta sama a daidai inda ta yi iyo ɗazu. Ta faɗo, ta tashi. Ihun da aka yi sai ka ce an riga an ci kofi.

Aka fara wasa. Kafin hutun rabin lokaci Matasan Fadama suka ci ɗaya, da ka, daga kwana. Na ga Ilu, mutumin da ya haifi wasu daga cikin 'yan wasan nan a shekaru, yana rawa da tiyo a wuya. Mata na guɗa, ana kaɗa jarkoki. Bayan an dawo, Zariya suka nuna cewa sun fi horo. Suka matsa, suka matsa, har suka rama. Jarkokin suka yi shiru na ɗan lokaci, sannan wata tsohuwa ta ɗaga waƙa, aka amsa mata, filin ya sake ɗauka.

Saura kaɗan in tashi wasa, ɗan gaban Jiratawa ya samu ƙwallo bayan masu tsaron baya, ya zura ta a raga. Jama'a suka ɓalle suka cika fili. Ni kuwa kafin in nuna tsakiya na waiwaya gefe, kamar yadda ake koya muku. Sabi'u na tsaye cak, tuta a sama. Satar gida. Ni ma na ga yaron ya wuce da taki guda. Na busa, na ɗaga hannu, na soke cin.

Jandarma biyu kaɗai muke da su. Mutane suka kewaye ni, wasu na kuka, wasu na faɗin maganganun da ba zan maimaita muku ba. Ilu ya ratso su, taɓo har gemu, ya tsaya gabana.

"Mushe, ka soke?"

"Na soke, Baba."

Ya dube ni. Sannan ya juya ya buɗe hannuwa ya fara kora mutane baya. "Ku hita. Da saura lokaci. Ku hita ku bar yara su buga." Suka fita. Yaran suka buga abin da ya rage da dukan ƙarfinsu, har wata ƙwallo ta daki turke. Na tashi wasa ɗaya da ɗaya. Zariya ta wuce.

Mun shiga mota da sauri, amma ba mu yi nisa ba ƙafafun baya suka nutse cikin taɓon da tiyo ya zubar. Alhaji Laminu ya taka, motar ta ƙara zama. Ta madubi muka hango jama'a sun nufo mu, Ilu a gaba. Alhaji ya kulle ƙofofi. Sabi'u ya tura tutarsa ƙarƙashin kujera.

Ilu ya ƙwanƙwasa gilashi. Na sauke kaɗan.

Ya ce, "Alhaji ya bar taka ta, yana ƙara binne ta." Ya kira matasa, suka kama motar da mu a ciki, suka ɗaga ta suka aza bisa tudu. Wasu cikinsu har lokacin hawaye suke. Ya dawo wajen taga yana haki.

"Mushe, ban yarda da hukuncinka ba, kuma ba zan yarda ba. Amma hilin fa? Ya bugu?"

Na ce, "Ya bugu, Baba. Ban taɓa busa wasa a filin da aka sha wa wahala irin wannan ba."

Ya gyaɗa kai. "To ka hwaɗa musu haka a Maraɗi."

Na faɗa, a taron lig na gaba, kuma ga shi ina faɗa muku.

Za a ce muku magoya bayan ƙananan ƙungiyoyi su ne haɗarin aikinmu. Wani lokaci haka ne, kada ku yi sakaci da tsaro. Amma ku sani mutumin da ke zaginku daga bayan igiya, sau da yawa shi ya share filin da kuke tsaye a kai, kuma ba ya samun komai a ciki sai farin cikin rabin sa'a da baƙin cikin mako guda. Abin da yake bin ku shi ne ku busa gaskiya, ko da a kansa ta faɗa, kuma ku dube shi a ido in ya tambaya.

Matasan Fadama har yau suna gasar jiha. Ilu ya tsufa, amma yana kawo zogale kasuwar Maraɗi. Duk ranar da muka haɗu, sai ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ya cusa mini ƙulli a hannu ya ƙi karɓar komai. In na juya zan tafi, sai ya ce, "Mushe, yaron nan fa bai yi satar gida ba."