Baba Alu da Ɗan Sandan Ciki

Kwana shida a mako Baba Alu mai gyaran rediyo ne. Da hantsi zai sauko daga woro-woro, tasin haɗaka na Abidjan, a Roxy, ya buɗe rumfarsa da ba ta fi faɗin tabarma biyu ba, ya zauna yana tonon cikin rediyon mutanen da ba su cika godiya ba. Ranar Lahadi kuwa, ana idar da la'asar sai ya share wani tsohon sito a gidan da yake haya a Williamsville, ya jera benci bakwai, ya toshe taga da bargo, ya kunna majigi. Shekara ashirin da takwas yana haka.

Fim iri ɗaya yake nunawa, na wani tsohon ɗan sandan ciki na Turai, wanda bai taɓa ɗaukar bindiga ba. Kallo kawai yake yi, ya yi tambaya biyu, ya tara mutane a falo ya nuna ɓarawo. Fina-finan da Faransanci suke, don haka Baba Alu yakan rage murya ya tsaya gefen allo yana mayar da komai Hausa. Shi ne ɗan sandan, shi ne kuku, shi ne gwauruwa mai kukan ƙarya.

Dalilinsa bai ɓoye ba. 'Ya'yan da muka haifa a Abidjan ba su san Hausa ba sai ta umarni: zo nan, bari, tashi ka yi salla. Yana so su ji ta tana ɗauke da labari, ko sa yarda harshe ne ba tsawa ba. Ga kuma tsofaffin mata da suka shekara arba'in a Adjamé ba su tsinci Faransanci ba sai na ciniki. A sitonsa ne kaɗai kaka da jika suke dariya a wuri ɗaya.

Kowane fim sai ya kalle shi shi kaɗai tukuna. In akwai jini, ya ajiye. In Bature ya matso kusa da Baturiya, sai ya ɗora hularsa a kan idon majigin, allo ya yi duhu, ya ce, "Gaisawa suke yi, gaisuwar ƙasarsu tana da tsawo." Hajiya Hajara mai fura ta rantse cewa ta daɗe tana ganin Turawa sun fi mu ladabi. Marigayiya matata, wadda ba ta taɓa taka gidan silima ba, a benci na uku take zama, tana riga ɗan sandan gano ɓarawo. Ban sake shiga ba bayan ta, sai makon jiya.

Baba Alu, kai ne ka koya wa unguwa guda kalmar shaida da kalmar zargi, da bambancin da ke tsakaninsu. Na halarci taruka da yawa inda aka raba takardun yabo ga mutanen da babban aikinsu shi ne zuwa taro. Ban taɓa jin an kira sunanka ba.

A watan jiya wani likita a Treichville ya leƙa maƙogwaronsa ya ce ya isa haka. In bai daina ɗaga murya ba, zai rasa ta gaba ɗaya. Baba Alu ya zaga gida gida yana neman wanda zai karɓe shi. Masu Hausa ba su da Faransanci. Masu Faransanci suka ce kunya suke ji. Ya gaji, ya sanar cewa saura Lahadi ɗaya ya rufe, ita ce wadda ta wuce.

Sito ya cika. Baba Alu ya yi ta jan fassara har aka kai inda ɗan sandan ya tara kowa a falo. A nan muryar ta yanke. Ya buɗe baki, sai iska. Ya zauna a kan akwatin kayan aikinsa yana kallon Bature na magana, ba mai mayarwa, yana lissafin cewa ko fim ɗin ƙarshe bai iya kaiwa ƙarshe ba.

Sai Zinariya ta miƙe. Tela ce a Treichville, uwar 'ya'ya biyu, a kan waɗannan bencina ta girma.

"Tonton, in ci gaba?" in ji ta, kamar yadda yaran Abidjan ke kiran kawu.

Ya gyaɗa kai. Ta tsaya gefen allo ta soma. "Bon. Ya ce, ku duka ku yi zaune. Ya ce ni ne ɗan sanda na ciki," sai ta dafa tumbinta, "duk wanda ya ci kayan mutane, ni ina ganin abin a cikinsa."

Tsofaffi suka fashe da dariya. Alhaji Mansur mai shigo da atamfa har da buga ƙafa.

"Ke, wane ciki? Ciki dai na tuwo?"

"To ba shi ba ne?" in ji ta. Ta waiga. Matasan da ke bayanta, manya masu gemu, duk sun yi tsuru. Ashe su ma haka suka ɗauka. Shekara ashirin da takwas, kuma babu wanda ya taɓa tambaya.

"Farin kaya ake nufi, yarinya!" in ji Alhaji Mansur. "Wannan Hausa taku ta Abidjan, gara ki zauna kada ki ƙarasa ta."

Ta soma gyara mayafinta za ta zauna. Baba Alu ya san wannan zaman. Ya ga samari da yawa sun yi shi, daga nan ba su sake furta kalmar Hausa a gaban babba ba. Ya dafa bango ya tashi, ya tattaro abin da likita ya ce ya adana.

"Alhaji," muryar kamar ana jan kwano a siminti, "bismilla. Kai ka fassara."

Alhaji ya dubi allo. Bature na ta zuba. Alhaji bai tsinci abin mayarwa ba, sai ya gyara zaman hularsa.

"Ci gaba, 'yata. Fassararki ta fi tawa," in ji Baba Alu.

Ta ci gaba, tana tuntuɓe, tsofaffin mata suna miƙa mata kalma in ta rasa. A bakinta aka kama ɓarawon.

Allah ya saka maka da alheri, Baba Alu, ya ba ka lafiya. Yanzu a takarda kake yi wa masu rediyo bayani, na gani da idona. Mu kuma da muka rage, Zinariya ta ce za ta zo ranar Lahadi, ba ta yi alkawarin ta gaba ba. Ku kawo 'ya'yanku. Wanda ya ji kuskure ya jira a kunna fitila, ya gyara mata a hankali. Wanda dariya ce kawai gudummawarsa, ya yi zamansa a gida.